Gangara Ba Ta San Gwani Ba

Duk wanda ya zauna a Kutemeshi, ko Tabanni, ko Kuyello, can gabashin ƙasar Birnin Gwari, ba sai an gaya masa amfanin babur ba. Shi ne jakin zamani. Shi ke kai taki gona, shi ke fito da masara kasuwa, shi ne kuma motar asibiti in naƙuda ta zo wa mace da tsakar dare. Da ka bar babban titi ka nufi ƙauyuka, sai hanyar ƙasa: ga hawa, ga gangara, ga kwana a gindin dutse, ga rafi a kwari. Da damina akwai wuraren da mota ba ta shiga sam.

An ƙara sanin darajar babur a 2021. A ƙarshen watan Satumba na shekarar, Gwamnatin Jihar Kaduna ta hana hawansa har wata uku saboda 'yan bindiga, ta kuma hana sayar da fetur a jarka a Birnin Gwari da waɗansu ƙananan hukumomi. Manomi ya koma tafiyar ƙafa da keke. A watan Nuwamba 2024 aka sake buɗe kasuwar dabbobi ta Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe, zirga-zirga ta ƙaru. Abin murna ne. Amma akwai wani maƙiyi a hanya wanda ba ya riƙe da bindiga, ba a kuma yin sulhu da shi, watau gangara. A kanta mu ke so mu yi magana da ku, 'yan'uwa manoma, kafin a fara jidar amfanin gona.

Yadda abin ya kan faru

Mu ɗauki misali. Saurayi ya ɗaure buhu biyu na masara a bayan Boxer, zai kai kasuwa. Ya hau tudu lafiya. Da ya kai bisa, sai ya sa firi, ya kashe inji don ya rage shan mai. Babur ya fara gangarawa shiru, ba ƙara, iska na kaɗa shi, abin gwanin daɗi. Gudu ya yi ta ƙaruwa. Ya taka birkin baya ya riƙe. Kafin ya kai rabin gangarar birkin ya yi zafi, ya rage kamawa. A ƙasa akwai kwana, a kwanar kuwa ruwan sama ya tara yashi da tsakuwa. Ya damƙi birkin gaba da ƙarfi, tayar gaba ta zame, sai ga shi a ƙasa, buhu biyu da babur a kan ƙafarsa.

Ba wanda ya buge shi. Ba mota, ba saniya, ba rami. Shi kaɗai ne a hanyar. Kuma mai yiwuwa ya fi kowa iya tuƙi a garinsu.

Nawa firi ke rage maka?

Tun ranar 29 ga Mayu 2023, da aka janye tallafin mai, farashin fetur ya tashi daga ƙasa da Naira 200 lita ɗaya, har ya wuce Naira 1,000 a 2024. Ba mu ga laifin mai neman tsimi ba. Amma mu yi lissafi. A ce baburinka yana cin kilomita 50 da lita ɗaya, a ce kuma tsawon gangarar rabin kilomita ne. Man da za ka ƙona a ciki kashi ɗaya ne cikin ɗari na lita. In lita Naira 1,000 ce, to, Naira 10 ke nan. Bai ma kai haka ba, gama a gangara ba ka murɗa totur.

Me ka sayar a kan Naira 10? Ka sayar da wani muhimmin birki da ka ke da shi, watau injin kansa. In babur yana cikin giya ta ɗaya ko ta biyu, ka saki totur, injin ne ke riƙe shi, ba ya bari ya kwasa da gudu. Birki sai ɗan taimako. In ka sa firi kuwa, nauyin duka ya koma kan birki. Yawancin ƙananan baburan da mu ke hawa birkinsu a rufe ya ke cikin cibiyar ƙafa, iska ba ta ratsa shi sosai. In aka daɗe ana danne da shi sai ya yi zafi ya daina kamawa, daidai lokacin da a ke bukatarsa. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Ƙa'idar tsofaffin direbobi ita ce: giyar da ka hau tudu da ita, da ita za ka sauka. Ka sa ta tun kana bisa, kafin gudu ya fara.

Lodi

Buhun masara cikakke kilo 100 ne. Boxer kanta kilo ɗari ce da ɗan ɗoriya. In ka ɗora buhu biyu, kayan sun kusa ninka babur nauyi, ban da kai. A hawa, nauyin ya kan koma baya, tayar gaba ta yi sama-sama, kan babur ya ƙi jin magana. A gangara kuma lodin ne ke tura ka. In an jibge shi ya yi tsawo, da ka karkata kaɗan a kwana sai ya rinjaye ka.

Saboda haka a ɗaure kaya ƙasa-ƙasa, a matso da su kusa da mai tuƙi, a ja igiya tam don kada su goce. Sawu biyu da buhu ɗaya-ɗaya sun fi sawu ɗaya da ya ƙare a hannun maɗori. In kana goye da mutum kuka iso hawa mai tsauri, ba abin kunya ba ne ya sauka ya taka. Balle mace mai ciki, ko mai goyo, ko tsoho.

Kwana

A gudun kilomita 30 cikin awa, babur na cin wajen mita 8 kowace daƙiƙa. A gudun 60 yana cin kusan mita 17. Kafin idonka ya gani, ƙafarka ta kai ga birki, ka riga ka ci wannan tazara. Bayan haka, in gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki ke bukata ya tsayar da kai ya kan ninka sau huɗu, ba sau biyu ba. A kan tsakuwa ko taɓo abin ya fi haka.

To, bayan dutsen nan da ke kwana, ko bayan dogayen ciyayin damina, me ke akwai? Wataƙila garken shanu, ko yara da tulu, ko wani mai babur irinka. Kada ka yi gudun da ba za ka iya tsayawa ba a cikin iyakar abin da idonka ke hange.

A rage gudu kafin a shiga kwana, tun babur yana tsaye sosai, da birki biyu, a hankali. In an riga an karkata, damƙar birkin gaba a kan yashi faɗuwa ce. A danna oda. A kuma tsaya a hannun dama. Tun 1972 Nijeriya ta koma bin dama, dokar kuwa ba ta tsaya a kwalta kaɗai ba. Mai yanke kwana ta hagu don ya rage tafiya, shi ke yin gaba da gaba da ɗan'uwansa.

Rafi

A gindin gangara sau da yawa rafi ne. Ana iya yin ruwa can nesa, kai ba ka ga ko hadari ba, rafin ya cika. In ruwan ja ne yana gudu, ko ba ka ganin ƙasansa, sauka ka gwada da sanda. In ya kai gwiwa yana ja, jira. Bayan ka haye, birkinka a jiƙe ya ke, ba zai kama ba. Yi tafiya kaɗan a hankali kana ɗan taɓa shi har ya bushe.

Hular kwano

A watan Janairu 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa hular kwano. A Kano waɗansu 'yan acaɓa suka kifa ƙwarya a ka don su ruɗi ma'aikata, labarin ya zaga duniya, aka yi ta dariya. Amma dutse ba ya dariya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara. Binciken likitoci ya nuna hular kwano ta ƙwarai tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 40 cikin 100, raunin kai kuma da kimanin kashi 70. Sai dai a ɗaure igiyarta a haɓa. In ba a ɗaure ba, ita ce za ta fara tashi kafin kai ya taɓa ƙasa. A daji ba mai kama ka in ba ka sa ba. Don kanka za ka sa, da iyalinka.

In haɗari ya auku

Asibiti da nisa, don haka abin da na kusa suka yi da fari shi ke ceto ko ya ɓata. Kada a ciccibi mutum a guje. In yana kukan wuya ko baya, ko ba ya jin ƙafafunsa, a kwantar da shi a kan ƙofa ko faffaɗan katako, wani ya riƙe kansa kada ya juya. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko fetur a rauni. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa. In ƙashi ya huda fata, aikin asibiti ne, ba na ɗori a gida ba.

A lura ƙwarai da wanda ya bugu a ka. Ko ya tashi ya ce lafiya lau, in daga baya ya fara amai, ko barci mai nauyi, ko surutai, ko jini ya fito ta kunne, a kai shi babban asibitin Birnin Gwari ko wanda ya fi kusa ba tare da jinkiri ba.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Karayar cinya ɗaya tana kwantar da mutum watanni. In da damina ce, gonar ta tafi, bashin taki kuwa yana nan. Asarar ba tasa ba ce shi kaɗai, ta ƙungiya ce. Muna ba da shawara a taro na gaba a tattauna waɗannan:

1. Duk wanda zai ɗauki kayan ƙungiya, buhu ɗaya a sawu in hanyar mai hawa ce, ba kuma sa firi.

2. A sayi hulunan kwano daga asusu, a ba mambobi su biya da kaka.

3. Kafin jidar hatsi a kira bakanike rana guda ya duba birki, da taya, da sarƙa, da fitilar kowa.

4. A yi gayya a sare ciyayin da suka rufe kwana, a kwashe yashi, a cike zaizaya da duwatsu.

5. Kada a ba yaro makulli don ƙafarsa ta kai ƙasa. Babba ya fara koya masa sauka gangara, ba kaya, sau da yawa.

6. Wanda a ka san yana shan ƙwaya don ya jure aiki, kada a ba shi kaya ko mutum. A yi masa faɗa cikin ƙauna.

7. A fita da wuri a dawo da rana. Mai tseren duhu shi ke gudu a gangara.

Magabata sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Kasuwa tana ci kowane mako, amma ƙafa ba a sayen ta a can. In ka iso bisa tudu, rage gudu, sa giya ta biyu, bar injin ya yi ta kukansa har ƙasa. Allah ya kiyaye hanya, ya kai mu gida lafiya.