Lissafin wutar sola: ku san abin da batirinku zai iya ɗauka

Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, wutar lantarki ba ta da tabbas a Kamlin da ƙauyukan Jazira. Iyalai da yawa sun koma ga faifan sola da batir domin fitila, fanka da cajin salula. Sai dai ana yawan jona kaya barkatai, batir ya mutu da wuri, ko wayar wuta ta yi zafi ta kama tanti. Akwai ɗan lissafi mai sauƙi da zai kare ku daga wannan asara.

Abubuwa huɗu

Duk wanda ya yi noma a Jazira ya san yadda ruwa ke fitowa daga madatsar Sinnar, ya bi babban magudani, ya shiga abu ishirin, sannan abu sitta, har ya isa gona. Wuta ma haka take tafiya cikin waya.

Ƙarfin da ke tura wutar shi ake aunawa da bolt, harafin V a jikin kaya. Batirin sola na gida galibi bolt 12 ne, wutar gwamnati a Sudan kuwa bolt 230.

Yawan wutar da ke gudana ana auna shi da amfiya, harafin A. Kamar yawan ruwan da ke wucewa ne.

Turjiya ita ce yadda abu ke tare wa wuta hanya, ana auna ta da om. Siririyar waya kamar ƙuntataccen magudani ce, turjiyarta ta fi ta mai kauri. Sunan ma'aunin ya fito ne daga wani malami Bajamushe mai suna Om, wanda ya wallafa wannan ƙa'ida a 1827.

Na huɗu shi ne cin wutar kaya, wanda ake aunawa da wat, harafin W.

Ƙa'idoji biyu

Bolt sau amfiya, ya ba ku wat.
Bolt a raba da amfiya, ya ba ku om.

Misali, fanka ce an rubuta 12V da 2A a jikinta. 12 sau 2, wat 24 ke nan take ci. 12 a raba da 2, turjiyarta om 6 ce. Idan kuma wat kaɗai aka rubuta, ku raba shi da bolt ku sami amfiya: ƙwan fitila mai wat 6 a kan batir mai bolt 12 yana jan rabin amfiya.

Inda haɗarin yake

Ku ɗauki butar dafa shayi ta lantarki mai wat 1,150. A wutar gwamnati amfiya 5 kacal take ja, domin 1,150 a raba da 230 ya ba da 5. Amma idan aka jona ta da batir mai bolt 12 ta hanyar inbata, batirin sai ya fitar da kusan amfiya 96, ko fiye idan aka haɗa da abin da inbatar kanta ke ci. Wayar da ta ishi fanka ba za ta iya ɗaukar wannan ba.

Dalili kuwa, waya ma tana da tata turjiyar. A ce doguwar siririyar waya tana da om 0.2. Idan amfiya 2 ya bi ta, bolt 0.4 ne ke ɓacewa a hanya, zafin da take yi bai kai wat 1 ba. Idan amfiya 10 ne, bolt 2 ke ɓacewa, zafin ya kai wat 20. Amfiya ya ninku sau biyar, zafi ya ninku sau 25. A tanti ko rumfar kara, wayar da ta yi zafi sosai tana iya tayar da gobara.

Mafi muni shi ne wayoyi biyu tsirara su haɗu. Turjiya ta kusa zama babu, sai ɗaruruwan amfiya su kwararo nan take. Saboda haka ne ake sa fiyus kusa da batir, shi ya tsinke kafin waya ta kama.

Kwana nawa batir zai yi?

A jikin batir za ku ga Ah. Idan an rubuta 12V da 50Ah, ku ninka su: 600. Batir irin na ruwa yana saurin lalacewa idan ana zuƙe shi ƙarƙaf, don haka ku ɗauka rabi ne naku, wato 300. Sai ku ninka wat na kowane kaya da awannin da yake aiki. Ƙwai biyu masu wat 6 na awa 5, 60 ke nan. Fanka mai wat 24 ta awa 6, 144. Cajin salula uku, ku ware kamar 45. Jimla 249, bai wuce 300 ba. Ƙara fanka ta biyu zai kai ku 393, ya zarce.

Abin da za ku kiyaye

Ku karanta rubutun jikin kaya kafin ku jona shi. Kada ku sa buta, dutsen guga ko murhun lantarki a kan ƙaramin batir. Wayar da ke tsakanin batir da inbata ta zama gajera kuma mai kauri. Idan fiyus ya tsinke, a nemo dalili, kada a ɗaure wurin da guntuwar waya. Ku riƙa taɓa robar waya bayan ta yi aiki na ɗan lokaci. Idan ta yi zafi, ku rage kaya. A ajiye batir inda iska ke shiga, nesa da murhu da hannun yara. Idan wuta ta tashi daga waya, kada ku watsa ruwa: ku cire jonin idan babu haɗari, ku zuba yashi, ku fitar da yara, ku yi kururuwa maƙwabta su ji.

Wanda ya iya karatu ya taimaki maƙwabcinsa da wannan lissafi. Tantunanmu a manne suke da juna, gobarar gida ɗaya ta kowa ce.