Hanyar Matankari da Matafiya Ke Wucewa

Duk motar da ta taso daga Yamai za ta Birnin Ƙonni ko Maraɗi sai ta ratsa Dogon Dutsi. Fasinja ya sauka, ya yi salla, ya sayi dankalin turawa in lokacinsa ne, ya koma kujerarsa. Da wuya ka ga wanda ya waiwayi hanyar da ta yi arewa zuwa Matankari, balle ya bi ta. Mai ɗan hali a cikinmu, in ya tashi yawon buɗe ido, Kwatano yake nufa ko Lome, ya tsoma ƙafa a teku ya ɗauki hoto.

Nijar dai ba ta da teku. Amma ƙasar Arewa, wato yankin Dogon Dutsi da Matankari, a cikin gadon wani tsohon kogi take zaune, wanda ya ƙafe tun shekaru dubbai. Shi ne Dallol Mawri, kwari mai faɗi da ya gangara kudu har wajen Gaya, wanda a 2004 aka shigar da wani yanki nasa cikin fadamun da yarjejeniyar Ramsar ke karewa. Ruwan bai tafi gaba ɗaya ba, ƙasa ya shige, shi ya sa rijiyoyin kwarin ba su kai na kan tudu zurfi ba.

Wanda yake son ya gane haka da idonsa, ya yi sammako ya hau ɗaya daga cikin duwatsun da suka tsaya a kan garin Dutsi, irin su Tozon Bijini. Ba su da tsawon da zai firgita mutum, sai dai jar marmara ce mai zamewa, tana gangarewa a ƙarƙashin takalmi, ga ƙarangiya tana kama bakin wando tun daga gindin dutsen. In ka kai sama, kan dutsen shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai. Daga nan za ka ga kwarin fari fat da yashi, gawo ya yi kore shar a tsakiyar rani, amalanken shanu na jan ƙura. A yi wannan hawan a watan Disamba ko Janairu. A Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, ko ɗan gari ba ya yi sai dole.

Matankari ita ce tsohuwar fadar Sarkin Arewa. Tarihin baka ya ce wani ɗan sarkin Barno mai suna Ari ne ya zo ya tarar da Gubawa 'yan ƙasa, ya yi aure a gidan Bauran Bagaji, kuma daga zuriyarsa Arawa suka samu suna da sarauta. Wannan rabon aiki, sarauta ga baƙi, ƙasa da al'adunta ga 'yan ƙasa, har yau ana ganin sawunsa.

Inda ya fi fitowa fili shi ne Lugu. A nan ne, cikin Afrilun 1899, Sarauniya Mangu da maharbanta suka tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine, wadda ta wuce ta yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla. Abdoulaye Mamani ya mayar da labarin littafi a 1980, Med Hondo ya yi fim ɗinsa a 1986. Wanda ya je da hoton fim a kansa zai sha mamaki, don ba ganuwa ba soro, ƙauye ne ƙarami. Amma sarautar Sarauniya ba ta yanke ba, kuma dutsen Tunguma, da ake kai wa ƙara ya raba gardama, yana nan. Wurin na masu shi ne. Sai an yi sallama, an gaida dattawa, an nemi izini kafin a ɗaga waya. Ko imaninka bai yarda da abin da ake yi ba, ladabin baƙo bai faɗi a kanka ba.

Tun harin da aka kai a dajin raƙuman dawa na Kure a Agustan 2020, inda aka kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, Turawa masu yawo suka ɗauke ƙafa daga wannan yanki. A ganina dama ba su ya kamata a zauna jira ba. Arawan Kangiwa da Argungu 'yan uwa ne da iyaka ta raba, ga ɗaliban Dosso da Yamai da suka karanta Sarauniya a aji ba su taɓa taka Lugu ba. Abin da suke bukata bai wuce jarkar ruwa, da ɗan kabu-kabun da ya san yashi, da tambayar labarin hanya a tashar Dutsi kafin a tashi ba.