Daga Taki zuwa Awon Igiya: Wa ke Riƙe da Taswirar Gonakin Kano?

Auna gona ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kano. Tun farkon mulkin Turawa malaman taki suka riƙa zagaya gonaki suna ƙirga sawu, a yanka wa manomi haraji gwargwadon faɗin abin da yake nomawa. Don kuɗi aka yi, amma dai an rubuta. A 1965 wasu masana, Mortimore da Wilson, suka wallafa bincikensu kan karkarar da ke kewaye da birnin, inda jama'a suka yi yawa har gona ba ta samun hutu.

Tun daga lokacin gandu yake ta tsinkewa. Maigida ya rasu, a fitar da tumunin takaba, 'ya'ya su raba saura, namiji kason mata biyu. Kafin jikoki su tasa, gonar da a da sai an yi mata gayya ta koma ƴan kunyoyi. Iyaka kuwa layin gamba ce, ko lalle, ko wata kuka, sai kuma ƙwaƙwalwar dattawa. Ran da aka sare kukar, dattijon ya kwanta dama, sai kotu.

A bakin gari abin ya fi muni. Dillali ya sayi gona, ya kawo igiya, ya yanka fulotai. A awon igiya ba a barin filin makaranta ko magudanar ruwa, lungun ma da ƙyar Adaidaita Sahu ke shiga. Burtali ne ke fara tafiya, daga nan kuma a ce makiyayi ya yi ɓarna.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya a karkara. Amma ƙaramar hukuma nawa ke da ma'aikacin safiyo? KANGIS, hukumar taswirar filaye ta jihar Kano, da takwararta KADGIS ta Kaduna suna aiki da hoton sama da kwamfuta, sai dai ƙarfinsu ya fi karkata birni, inda kuɗin shiga yake. Nijar ta bi wata hanya da dokar karkara ta 1993: kwamitocin ƙasa har matakin ƙauye, masu rubuta ciniki, kyauta da jingina, su kuma shata burtali.

Mu ma daga ƙauye ya kamata mu fara. Kada alƙali ya rufe rabon gado, kada dagaci ya sa hannu a takardar ciniki, sai an ɗauki kusurwoyin gonar da na'urar GPS an shigar a rajistar ƙaramar hukuma.