Jarabar caca: a sa uwargida cikin neman magani

A watan Oktoban 2024 Hukumar Hisbah ta Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama, amma wannan bai kai ga manhajar da ke cikin wayar maigida ba, wadda yake buɗewa da tsakar dare ya zuba kuɗin cefane a kan wasannin Firimiya na Ingila. Tun 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa jarabar caca a rukuni ɗaya da shaye-shaye, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi sahu a jerin cututtukanta da ya fara aiki a 2022. Daga cikin alamominta akwai ƙara yawan kuɗin da ake zubawa, da komawa neman ramuwa bayan an sha kaye, da ɓoye gaskiya, da jingina ga wasu su biya bashi. Biyu na ƙarshen nan a cikin gida suke faruwa, kuma galibi a kan matar suke sauka. Ita ake ce wa albashi bai shigo ba, kuma kuɗin adashinta ko ɗan kunnenta na gwal ake karɓa da sunan aro. Shi ya sa maganin da ya tsaya kan mijin shi kaɗai yake barin rabin ciwon a gida.

A zaman ma'aurata da ƙwararre, kowa yana da aikinsa. Mijin zai baje dukkan basussukansa a faifai, ya toshe manhajojin caca, ya yarda a tsara yadda kuɗi ke fita har zuwa wani lokaci. Matar kuma za ta koyi daina biyan bashin caca a ɓoye, domin duk bashin da aka biya masa cikin rufin asiri sabon jari ne na komawa caca. Ana koya musu yadda za su yi maganar kuɗi ba tare da gori ba, tunda rigimar gida kanta tana tura shi ga waya. Binciken da Joël Tremblay ya jagoranta a Quebec ta Kanada ya nuna waɗanda aka yi wa magani tare da abokan zamansu sun fi samun sauƙi. A wani bincike a Suwidin kuwa an ga sauƙi kusan daidai ga waɗanda aka yi wa magani su kaɗai da waɗanda aka yi wa tare da abokan zama, sai dai waɗanda aka haɗa da abokan zamansu sun fi yarda su fara maganin. Ko wannan kaɗai riba ce, domin ɗan caca ba ya saurin kai kansa wurin likita.

Wani zai ce caca zunubi ce, tuba take bukata. Haka ne, Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya a haramci. To amma mashayin da ya tuba ana kai shi asibiti, ba wanda ke ganin hakan ya rage tubarsa. Wani kuma zai ce tona asirin gida ne, kuma zubar da girma ne mace ta san shige da ficen kuɗin mijinta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ƙwararre ɗaya da aikinsa ya wajabta masa riƙe sirri ya fi masu bin bashi da za su yi sallama a ƙofar gida gaban maƙwabta. Girman maigida kuwa ya fi zubewa ranar da aka koro yara daga makaranta saboda kuɗin zango.

Akwai iyaka. Idan ana duka ko barazana a gidan, ba a fara zama tare. Tsaron matar da yara shi ne farko. Idan kuma mijin ya fara zancen ya gaji da rayuwa saboda bashi, a gaggauta kai shi asibiti a ranar. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da na Maiduguri suna da likitocin da za a fara da su. Idan ya ƙi zuwa, matar tana iya zuwa ita kaɗai ta nemi shawara, ta kuma raba kuɗinta da nasa tun yau.