Zane Mai Motsi da Amfaninsa ga Tarbiyya

Duk wanda ya ratsa unguwannin Minna bayan sallar isha'i, daga Bosso zuwa Tunga har ya gangara Chanchaga, in an yi sa'a akwai wuta, zai iske yara sun yi cincirindo gaban talabijin ko sun haɗa kai kan wayar wani babba, suna kallon zanen dabbobi da na mutane masu gudu da tsalle da magana, alhali kuwa babu rai a jikinsu, babu kuma wanda ya taɓa ɗaukar hotonsu suna tafiya. Wannan shi ne abin da jama'a ke kira katun, kuma ya kamata mai neman ilmi ya san asalinsa da yadda ake yinsa, domin abin da yaro ke zuba wa ido kullum ba ƙaramin malami ba ne a gare shi.

Asirin sana'ar yana cikin halittar ido da ƙwaƙwalwa. Idan aka jera hotuna masu kama da juna, kowanne ya saɓa wa na gabansa da ɗan kaɗan, sa'an nan aka wuce da su da sauri a gaban mai kallo, hankalinsa ba ya iya rarrabe su ɗaya ɗaya, sai ya haɗe su ya ga motsi guda mai gudana. Ƙa'idar silima ita ce hoto 24 cikin kowace daƙiƙa. Masu zane sukan sauƙaƙa wa kansu, su nuna kowane zane sau biyu, wato zane 12 a daƙiƙa, amma duk da haka minti ɗaya yana cin zane 720, fim na minti biyar kuwa 3,600. Mai zanen zai ɗora takarda kan gilashin da aka kunna wa fitila a ƙarƙashi, domin ya hangi zanen da ya gabata ta cikin sabuwar takardar, ya ɗaga ƙafar kuregen da yake zanawa da kaurin tsinke, ya ajiye, ya ɗauki wata takardar ya ƙara ɗaga ta, har yini ya ƙare kuregen bai gama taku uku ba. Aikin ya fi kama da na mai ɗinkin hula, wanda ke soka allura sau dubbai kafin ado ya bayyana.

Tun kafin a ƙago na'urar silima, mutanen ƙasashen Musulmi sun san wasan inuwa, inda ake yanka siffofi da fata a motsa su bayan farin ƙyalle da hasken fitila. A Alƙahira ma wani likitan ido mutumin Mausil, Ibn Daniyal, wanda ya rasu a 1310, ya bar wasanni uku na irin wannan a rubuce. Da zamani ya juya, Émile Cohl ya fitar da ɗan gajeren fim na zane a Faransa a 1908, a 1926 kuma wata Bajamushiya, Lotte Reiniger, ta yi dogon fim da yankakkun takardu, labarinsa kuwa daga Dare Dubu da Ɗaya ta ɗebo shi. Fim ɗin Snow White na Walt Disney ya fito a Amurka a 1937, shekarar da aka fara buga Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, haifaffen Kagara ta nan Jihar Neja.

A ƙasarmu ta Arewa, hoto mai motsi ya fara isa ga talakawa ne da niyyar koyarwa. A da, motar majigi takan shigo gari da la'asar, a kafa farin allo a ƙofar fada ko a filin makaranta, da duhu ya yi a ta da inji, mai fassara ya riƙe lasifika yana bayani da Hausa kan tsabta da rigakafi da noman zamani, kuma dattawa da yawa har yau suna tuna fim ɗin Baban Larai da darasinsa na noman auduga. Sai dai waɗannan finafinai na hukuma ne, mutane na gaske aka ɗauka a cikinsu, kuma daga sama saƙon ke saukowa.

Wanda ya fara nuna cewa ɗan wannan yanki zai iya zana nasa labarin da hannunsa ya sa shi motsi, shi ne Moustapha Alassane na Jamhuriyar Nijar, kuma lalle ya cancanci a tsaya a kansa. An haife shi a 1942, ya fara da aikin kanikanci, tun yana yaro kuma yana tara tsararrakinsa yana nuna musu wasan inuwa da fitila. A Yamai ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen nan mai ɗaukar finafinan al'adu, wanda ya buɗe masa hanya har ya je Kanada ya ga aikin Norman McLaren, gwanin zane mai motsi. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, fim na kamar minti biyar da baƙin layi kan farar takarda, inda shugaban ƙasar kwaɗi ke kai ziyara maƙwabciyar ƙasa, ana faretin soja ana busa da jawabai, kuma duk wanda ya san sha'anin mulki a farkon 'yancin kai ya gane inda aka dosa ba tare da an ambaci sunan kowa ba. Wannan ita ce hikimar tatsuniya tun fil azal, a ɗora wa dabba maganar da ta yi wa bakin mutum nauyi, kamar yadda aka yi a Kalila wa Dimna da labaran Gizo. A 1977 ya yi Samba le grand da 'yan tsana masu launi, ana gusa hannun kowace kaɗan a ɗauki hoto, a sake gusawa a sake ɗauka, daga baya kuma ya yi Kokoa, inda kwaɗi da hawainiya ke kokawa a fage irin na gargajiya. Ya shafe ƙarshen rayuwarsa a Tawa, cikin ƙasar Adar, yana riƙe da masaukin baƙi wanda ya mayar da wani sashensa ɗakin aiki, har ya koyi zane da kwamfuta da furfurarsa, ya rasu a 2015. Abin da ke ba ni takaici shi ne yaranmu sun haddace sunayen katun na Amurka da Japan, amma da wuya ka sami malamin makaranta a Minna ko Kano da ya taɓa nuna wa ɗalibansa aikin wannan bawan Allah, wanda garinsa bai fi tafiyar yini ɗaya daga Sakkwato ba.

Akwai mas'alar da ba ta kyautu a tsallake ba, wato hukuncin sura a shari'a, domin iyaye da yawa suna tambaya a kai. Malamai sun yi saɓani, amma mashhurin zance a mazhabar Malikiyya shi ne haramcin ya fi ƙarfi a kan sura mai jiki, mai inuwa, cikakkiyar gaɓoɓi, zanen da ke shimfiɗe kan takarda kuwa bai kai wannan matsayi ba, sa'an nan an yi rangwame ga 'yan tsanar yara mata saboda abin da aka ruwaito game da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. Tafsilin wannan yana wurin ma'abota fiƙihu, su ya kamata a tambaya.

Fa'idar zane a wajen karantarwa ita ce yana nuna abin da kyamara ba ta iya kaiwa gare shi. Malamin da ke fama da alli yana bayanin yadda ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ke shiga jini ta sauka a hanta, ko yadda ruwan da aka tare a Shiroro ke juya injin da ke haifar da lantarki, zai iya nuna wannan cikin minti biyu, yaro ya gani da idonsa ya riƙe. A Abuja, Adamu Waziri ya ƙirƙiro Bino and Fino domin yaran Afirka su ga masu kama da su a allo, a 2020 kuma aka fitar da Lady Buckit and the Motley Mopsters, dogon fim na zane da aka yi a Nijeriya, sai dai da Turanci aka fara yin waɗannan duka.

Minna ba ta rasa kayan aikin ba. Tana da Jami'ar Fasaha ta Tarayya tun 1983, da matasa masanan kwamfuta a Bosso da Gidan Kwano, tana da kwalejin horon malamai, ga yumɓun da matan Gwari suka daɗe suna sarrafawa, wanda za a iya gina 'yan wasa da shi, wayar hannu kuma in an kafe ta wuri guda ta isa ɗaukar hoto ɗaya bayan ɗaya. Wani sauƙin da ya dace da wannan jiha musamman shi ne bakin da aka zana ba shi da harshen da ya keɓanta da shi, saboda haka fim guda na minti biyar kan wanke hannu ko kan labarin Tsoede, wanda ya kafa daular Nupe, ana iya ɗora masa murya sau uku, da Hausa da Nufanci da Gwaranci, a kai shi makarantun Bida da Kontagora da Kuta ba tare da an sake zana ko layi ɗaya ba.