Yadda ake ceto ƙaramar bishiyar fushiya daga ruɓewa

Masu renon ƙananan bishiyoyi a cikin kasko, sana'ar da Japanawa ke kira bonsai, kan shafe shekara goma ko ashirin suna datsa da tanƙwara bishiya guda. Saboda haka ba ƙaramin tashin hankali ba ne mutum ya danna yatsa a kututturen bishiyarsa ya ji ya lotsa.

Fushiya na cikin bishiyoyin da wannan matsala ta fi addaba.

Asalin mafi yawan nau'o'inta daga Kudanci da Tsakiyar Amurka ne, kuma Bafaranshe Charles Plumier ne ya bayyana ta a rubuce a 1703, ya raɗa mata sunan wani masanin tsirrai Bajamushe, Leonhart Fuchs. Nau'in magellanica, wanda ya fito daga Chile da Ajantina, masu bonsai a Birtaniya na son sa saboda jure sanyi da kuma jajayen furanninsa masu reto kamar 'yan kunne.

Sai dai itacenta na da taushi. Da zarar an yanke babban reshe, ko tsananin sanyi ya kashe wani sashe, ruwa kan kwanta a raunin, ƙwayoyin fumfuna su shiga su fara cin itacen.

Abin da ke hana a fid da rai shi ne cewa rayuwar bishiya tana ƙarƙashin ɓawonta ne. Ta nan abinci ke sauka, ruwa kuma na hawa ta sabon itacen da ke dab da shi. Bishiya kan iya rayuwa da kogo a cikinta, kamar yadda ake gani a tsofaffin kukoki.

Matakin farko shi ne a kankare duk itacen da ya yi laushi da wuƙa mai kaifi, wadda aka goge da barasar asibiti, har a tarar da mai tauri. A nan ne da yawa ke kuskure: tausayi kan sa su bar ɗan ruɓaɓɓe, shi kuwa sai ya ci gaba da yaɗuwa. Ana kuma sassaƙa ramin ta yadda ruwa zai zurare maimakon ya taru.

Daga nan sai a bar wurin ya bushe sosai, kana a shafa ruwan taurara katako. Wasu kan yi amfani da wani magani mai farar wuta, wanda ke mai da itacen fari fat, ko da yake bai cika shiga ciki ba. Ko wanne aka zaɓa, ba a barin ya taɓa ɗanyen ɓawo ko ya ɗiga cikin ƙasa. Toshe ramin da siminti ko ƙaro kuwa ɓoye danshi kawai yake yi.

Idan ruɓewar daga gindi ta taso, to yawan ban ruwa ne abin zargi. Sai a tumɓuke bishiyar a farkon bazarar Turai, a yanke baƙaƙen saiwoyi masu wari, a sake dasa ta a ƙasa mai tsakuwa irin akadama ta Japan.

In har ruɓewar ta zagaye ɓawon baki ɗaya, kututturen ya tafi ke nan. Shi ya sa gogaggu kan yanki 'yan rassa su dasa gefe tun kafin su fara aikin, domin fushiya kan yi saiwa cikin 'yan makonni.