Doki 73 a kan hanyar Boɗinga zuwa Shagari

Da la'asar sakaliya muna zaune gun mai shayi a bakin titi a Boɗinga, sai wani mashin ya taso daga wajen Sakkwato ya nufi Shagari. Kafin a ɗaga kai ya wuce, ƙararsa ce kawai ta saura a kunne. Ba shi da rigar roba irin ta mashinan tsere. Injinsa a fili yake, tanki ya yi tudu kamar tozon sa, fitila ɗaya a gaba. Ɗan yayata, wanda ke kabu-kabu da Boxer, ya raka shi da ido har ya ɓace, sannan ya juyo gare ni.

"Kawu, wanga abu doki nawa gare shi?"

Tambayar da kowa ke fara yi ke nan, kuma ita masu talla suka fi so a yi. Amma takardar bayanin mashin tana ɗauke da alƙaluma sun fi ashirin, adadin doki ɗaya ne kawai daga ciki, kuma a ganina ba shi ne ya fi shafar mai bin wannan hanya tamu ba.

Irin wannan mashin shi Turawa ke kira "tsirara", saboda an tuɓe masa rigar da ke kare mahayi daga iska. Kamfanin Ducati na Italiya ne ya farfaɗo da yayinsa a 1993 da ƙirar Monster, wadda Miguel Galluzzi ya zana. Matsakaitan cikinsu, masu inji cc 650 zuwa 700, su ne irin Suzuki SV650 da ya fito tun 1999, da Kawasaki Z650, da Honda CB650R, da Triumph Trident 660 na Ingila. Zan ɗauki Yamaha MT-07 a matsayin ma'auni. An fara sayar da shi a 2014, alƙaluman da zan kawo kuwa na ƙirar 2021 ne. Zan jera shi da Bajaj Boxer 150, tunda shi kowa ya sani a tasha.

A fara da cc, wanda mutane da yawa ke ɗauka shi ne ƙarfi. Girman ciki ne kurum. MT-07 yana da silinda biyu, faɗin kowace milimita 80, fistin kuma yana hawa da sauka tsawon milimita 68.6 a cikinta. In aka lissafa, kowace silinda tana shaƙar kusan cc 345, biyun sun tashi 689. Ledar fiyawata cc 500 ce, saboda haka duk wannan rugugi daga cikin da bai kai leda ɗaya da rabi ba yake fitowa. Boxer kuwa cc 144.8 ne, kusan cikin gwangwanin madarar da mai shayi ke hudawa da tsinin wuƙa.

Girman ciki ya ninka na Boxer sau biyar ba kaɗan, amma ƙarfi ya ninka sau shida: doki 73 a kan doki 12. Ragowar ta fito ne daga yadda aka ƙera injin. Yana matse iska da mai har ninki 11.5 kafin fulogi ya kunna, kowace silinda tana da bawul huɗu don numfashi ya wadata, ruwa ne ke sanyaya shi ta lagireto, kuma kwamfuta ce ke auna man da ake fesawa maimakon kafireto.

To ga inda abin yake da daɗin dubawa. Honda CB650R cc 649 ne, bai kai MT-07 girman ciki ba, amma takardarsa ta ce doki 95. Trident 660 ya ce 81, Z650 ya ce 68. Tazara mai yawa ke nan. Sai dai in ka sauko layi na gaba, inda aka rubuta ƙarfin murɗa da ma'aunin Nm, za ka tarar duk sun taru wuri ɗaya, tsakanin 63 da 67, kuma MT-07 ne a sama da 67. Yaya aka yi mai doki 73 ya fi mai doki 95 ƙarfin murɗa?

A dubi mata biyu suna daka. Ɗaya taɓaryarta mai nauyi ce, kowane bugu sai turmi ya amsa. Ɗayar bugunta bai kai haka nauyi ba, amma hannunta da sauri. Nauyin bugu ɗaya shi ne ƙarfin murɗa. Yawan bugu a minti shi ne juyin inji. Yawan geron da aka dake a ƙarshe shi ne doki. Lissafinsa ma haka yake: a ninka ƙarfin murɗa da juyi a minti, a raba da 7,023. MT-07 yana ba da Nm 67 ɗinsa a juyi 6,500, wato tun a nan ya riga ya miƙa doki 62, sauran 11 ɗin sai an kai juyi 8,750. Honda mai silinda huɗu kuwa, dokinsa 95 suna can a juyi 12,000, inda inji ke kururuwa. Mai tafiya Shagari, da zai ci karo da tirela mai ɗauke da albasa, ya rage gudu, ya leƙa, ya sake murɗa totur ya wuce ta, ba a juyi 12,000 yake wannan aiki ba. A juyi 4,000 zuwa 6,000 yake yi, kuma a nan mai silinda biyu ya fi saurin amsawa. Ɗan kabu-kabu ya san wannan ba tare da takarda ba: in ya ce mashin "yana da ja", ƙarfin murɗa a ƙaramin juyi yake nufi.

Sai nauyi. MT-07 da mai da komai kilo 184 ne. Ɗora mahayi mai kilo 70, ka raba da doki 73, kowane doki yana jan kilo uku da rabi. Boxer mai kilo 123 da mahayi iri ɗaya, kowane doki kilo 16. Ƙara masa fasinja da buhun gero mai kilo 100, kamar yadda ake yi ranar kasuwa, ya koma kilo 30. Wannan ne ya sa babban mashin ke tashi daga tsaye ya kai gudun kilomita 100 cikin daƙiƙa huɗu ko kusa da haka. Hannun da ya saba murɗa totur ɗin Boxer har ƙarshe a kowace tasowa, in ya yi wa wannan haka, ƙafar gaba na iya barin ƙasa.

Amma ƙarshen gudu bai ninka sau shida ba. Boxer yana taɓa wajen kilomita 100 a sa'a, MT-07 yana haura 200 da kaɗan. Iska ce ke cinye bambancin. In gudu ya ninka biyu, turin iska yana ninka huɗu, ƙarfin da ake buƙata don keta ta kuma yana ninka takwas. Tunda mashin ɗin ba shi da riga, ƙirjin mahayi da wuyansa ne ke karɓar wannan turi. Duk wannan kuma a ƙasar da ƙa'idar hanya ta hukumar kiyaye haɗurra ta ƙayyade wa babur kilomita 50 a sa'a.

Yanzu a sauko ƙasan takarda, inda ƙananan rubutu suke, waɗanda mai talla ba ya karantawa da ƙarfi. Tsakanin cikin MT-07 da ƙasa milimita 140 ne, na Z650 130, na Boxer 190. Bambancin santimita biyar ko shida ne, kamar faɗin yatsu uku. A kan kwalta ba a jin sa. Amma mutanen Boɗinga da Shagari ba a bakin kwalta duka suke zaune ba. Da zarar an sauka an kama hanyar ƙauye, ko ta bayan Sifawa ko ta gefen madatsar ruwan Shagari, sai yashi da kwazazzabon da damina ta haƙa, kuma waɗannan yatsu uku su ne tsakanin wucewa lafiya da buga salansa a dutse. Tayar bayansa faɗinta milimita 180, an yi ta ne don ta manne wa kwalta a kwana, a cikin rairayi kuwa sai ta riƙa yawo. In ta mutu, mai facin gari ba ya ajiye irinta. Kayan da kamfani ya yarda a ɗora masa, haɗe da mahayi da fasinja, bai kai kilo 180 ba, kuma kujerar bayan ɗan tudu ce da ba a yi ta don doguwar tafiya ba, balle buhu.

Batun mai ba shi da tsawo. Yamaha ya ce lita 4.2 a kilomita 100, wato kusan kilomita 24 a lita, tankin lita 14 zai kai wajen kilomita 330 in an bi shi a hankali. Boxer yana haura kilomita 40 a lita. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan layi ya zama shi ake fara dubawa a kowane gida. Ga kuma ingancin man. Kafireto yana haƙuri da man 'yan bumburutu, in ya toshe bakanike ya kwance shi a kan tabarma ya hure. Injin da ke fesa mai ta ƙananan ramuka ba ya wannan haƙuri. Ƙurar hunturu tana cika matatar iska da haƙarƙarin lagireto, sannan zafin Afrilu, da ke haura digiri 40 a Sakkwato, ya zo ya same shi a toshe.

Duk da haka akwai layi ɗaya a takardar da nake ƙyashi ƙwarai, shi ne birki. MT-07 yana da faifan birki biyu a gaba, kowanne milimita 298, da ɗaya a baya mai 245, kuma yana da ABS, na'urar da ke sassauta birki ta sake kamawa sau da yawa a daƙiƙa ɗaya don kada taya ta ƙame ta zame. Yawancin mashinan da ke ɗaukar 'ya'yanmu da matanmu birkin ciki ne gaba da baya, irin mai takalmi, wanda ke sanyi in ya ɗau zafi ko ya sha ruwa. Tarayyar Turai ta wajabta ABS a kan sabbin mashinan da suka haura cc 125 tun daga 2016. Indiya ta bi sahu, daga Afrilun 2019 dokar ta hau kan duk irinsu da ake sayarwa a can. Fasahar ba baƙuwa ba ce ga masu ƙera mana mashin. Bajaj ɗin da ke yin Boxer shi ke haɗa KTM 390 Duke tun 2013 a masana'antarsa ta Chakan kusa da birnin Pune, shi kuma ke haɗa Triumph Speed 400 mai doki 40 da ya fito a 2023. Doka ce ta sa aka saka birkin a can. Da za a tambaye ni abin da ya kamata ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu da hukumominmu su nema daga wannan aji na mashina, birkin zan ce, ko da na ƙafar gaba kaɗai ne, a bar musu dokunansu.

Dalilina lissafi ne. A gudun kilomita 50, mashin yana cin mita 14 a kowace daƙiƙa. Mahayi mai natsuwa yana ɗaukar kamar daƙiƙa ɗaya tsakanin ganin abu da taka birki, sannan a busasshiyar kwalta da birki mai kyau ya ƙara wasu mita 14 kafin ya tsaya. Jimla mita 28. A gudun 100 jimlar ta zama mita 83. A gudun 120, wanda MT-07 ke kaiwa tun bai shiga manyan giyoyinsa ba, mita 33 sun tafi kafin a taɓa birki, wasu 79 kuma a cikin birkin, jimla 112. In iska ta watsa yashi a kan kwaltar har riƙon taya ya ragu da rabi, tsawon birkin ninkawa yake yi. Abin da aka samu a musaya shi ne minti 15 a tafiyar kilomita 30, in an gwada gudun 120 da na 60. Hular kwano, wadda aka tilasta sakawa a Najeriya daga ranar 1 ga Janairu, 2009, tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin ɗari, na raunin kai kuma da kashi 69, amma a hanyar nan sai ka ƙirga mashin ashirin ba ka ga kai ɗaya a rufe ba.

Da na kawo nan, ɗan yayan nawa ya ce mita 112 ba ta shiga kansa. Na ce ya tashi ya taka daga bencin mai shayi, taku 150, ya bi gefen titi ta wajen Shagari. Ya tafi yana ƙirgawa a bayyane. Ya wuce mai faci, ya wuce yarinya mai tallar fura da ke jiran mota ta wuce ta tsallaka, ya kauce wa awaki uku da ke lasar kwalta, ya wuce amalanken shanu da ya hau titi da ƙafa ɗaya. Da ya cika ƙirgen ya tsaya ya juyo, sai da ya ɗaga murya kafin na ji shi.

"Kawu, har nan?"

Na ɗaga masa hannu na ce har nan, in kwaltar busasshiya ce.